Gumin Mahaƙi: Yadda Aka Yanke Wa Leburan Ma'adinai Farashi, Daga Yawunde Zuwa Filato

Kuɗin ƙwadago a harkar haƙar ma'adinai da fasa dutse ya ƙunshi duk abin da mai rami ke kashewa a kan wanda ke yi masa aiki: lada ko albashi, abinci, makwanci, magani, diyya idan ya ji rauni, da ɗan abin da ake ajiye masa don ranar tsufa. A bisa wannan ma'auni, tazarar da ke tsakanin ƙasashe tana da girma ƙwarai. A Ostireliya, matsakaicin abin da cikakken ma'aikacin mahaƙa ke ɗauka ya kai wajen dalar ƙasar 3,000 a mako. A Kamaru, mafi ƙarancin albashin da gwamnati ta yanke a watan Maris na 2023 ga ma'aikatan kamfanonin da ba na noma ba shi ne sefa 60,000 a wata, wato kimanin Yuro 91. A Nijar sefa 42,000 ne tun farkon 2024, a Najeriya kuma naira 70,000 tun watan Yulin 2024. Duk sa'ad da aka yi irin wannan ƙari sai gardama ta tashi, masu kamfanoni suna kukan za a karya su, ƙungiyoyin ƙwadago suna cewa kuɗin ba ya kai iyali ƙarshen wata. Amma mafi yawan masu shiga rami da masu fasa tsakuwa a waɗannan ƙasashe uku ba su ma cikin lissafin, domin ba su da takardar ɗaukar aiki. Arhar guminsu tana da tarihi, kuma mutane ne suka gina ta.

Kafin zuwan Turawa, labarin bai cika fitowa sarari ba. Ibn Baɗɗuɗa, da ya ratsa Tagaza a 1352, ya tarar bayi ne ke haƙar gishiri, haka kuma ya ce bayi ne ke narkar da jan ƙarfe a Takedda da ke yankin Agadas na yanzu. A ƙasar Hausa, haƙar tama da narkar da ita sana'ar gado ce ta wasu gidaje, ana yin ta da rani bayan an kawar da amfanin gona. Ma'aikacin ko dai bawa ne, ko ɗan gida, ko abokin tarayya da ke jiran rabonsa. Albashin yini ko na mako bai zama ginshiƙin aikin ba. Kuza ma tana da nata magada: mutanen Ririwai ta ƙasar Kano da 'yan'uwansu na Liruwen Dalma a ƙasar Bauci sun daɗe suna wanke kuza a rafuka, suna narkar da ita su zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna kai ta kasuwanni masu nisa. Wannan kuzar ce ta faɗa hannun ma'aikatan Kamfanin Neja a bakin Binuwai, suka shiga bin sawunta.

A kudancin Kamaru kuwa, farashin yinin lebura ya fara bayyana ne a takardun haraji. Jamusawa sun kafa sansaninsu na Yawunde a ƙarshen shekarun 1880, Hausawa fatake suka biyo hanya da shanu da tufafi, suna sayen hauren giwa da roba. Unguwar da daga baya ta zama matattararsu, Ekoudou, an fi saninta da Briqueterie saboda masana'antar jan bulo da Turawan mulkin mallaka suka kafa a wurin, kuma a shekarun 1930 ne hukumar Faransa ta tattara Hausawan garin ta zaunar da su can. A ƙaramar hukumar guda, Yawunde ta Biyu, akwai unguwar Carrière, wadda ita kuma ta samo sunanta daga wurin fasa dutse. Kafin a san Briqueterie da tsire da teloli da shagunan atamfa, wurin haƙar jar ƙasa ne da gasa ta. Ayyukan gine-gine da hanyoyi na wancan zamani sun dogara ne kan haraji da aikin tilas. A 1908 Jamusawa suka ɗora wa kowane baligi harajin mark 6 a shekara, wanda ba shi da shi kuwa ya yi wa gwamnati aikin kwana 30. Ke nan hukuma da kanta ta rubuta cewa wata guda na ƙarfin mutum bai wuce mark 6 ba, kuma ba a kasuwa aka yi wannan ciniki ba.

Faransawa da suka karɓi yankin bayan faɗuwar Yawunde a farkon 1916 ba su sauya tushen ba. Sun shigo da dokar da ta ba kwamandan yanki ikon ɗaure baƙar fata ko cin sa tara ba tare da shari'a ba, suka kuma ɗora wa kowane namiji aikin kwana 10 kyauta a shekara, ban da ɗibar mutane don manyan ayyuka. Shimfiɗa layin dogo daga Njock zuwa Yawunde, wanda ya iso garin a 1927, ya ci rayuka masu yawa, har sunan Njock ya zama abin tsoro a bakin mutanen yankin. Da haƙar ma'adinai ta kankama a shekarun 1930, kuza a Mayo Darle kusa da Banyo, zinari a Betare-Oya da Batouri, sai kuma rutil a kewayen Yawunde da Akonolinga, kamfanonin sun tarar da kasuwar ƙwadagon da gwamnati ta riga ta karya wa farashi. Mutumin da ya san ana iya kama shi ya yi aiki kyauta ba ya iya tsayawa ciniki da mai ba shi 'yan kuɗi kaɗan.

Inda wannan tsari ya fi fitowa fili, kuma inda ya fi shafar Hausawa kai tsaye, shi ne filin kuza na Filato. Kamfanin Neja ya aika masu bincike a 1902, sannan ma'aikacinsa H. W. Laws ya kafa sansani a Naraguta bayan shekara ɗaya ko biyu, da rakiyar sojoji. Ba a jima ba aka mamaye filayen da magadan Liruwen Dalma ke wanke kuza, sana'arsu ta narkarwa ta mutu. Kafin jirgin ƙasa, a ka ake ɗaukar kuzar har zuwa Loko a bakin Binuwai, tafiyar kwanaki masu yawa, kuma 'yan dako da dama sarakuna ne ke tara su bisa umarnin Razdan. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya kai Jos da Bukuru a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal kuma ya iso a 1927. Tun daga farko rabon kuɗin ya nuna inda aka dosa. A yarjejeniyar da aka yi lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓi mulki daga Kamfanin Neja a 1900, an ba kamfanin rabin duk kuɗin haƙƙin ma'adinai na babban yankin Arewa har tsawon shekara 99. Sai a 1950 gwamnatin Najeriya ta fanshi wannan haƙƙi daga magajinsa, kamfanin UAC, a kan fam miliyan ɗaya.

Aikin kansa na hannu ne. Mai diga ya sara, mai shebur ya loda, mai kwano ya ɗauka a ka ya hau gangaren rami ya zubar, a dawo. A wajen wanki a saki ruwa ya tafi da ƙasa, baƙar kuza mai nauyi ta kwanta. Mata da yara, musamman 'yan ƙasa Birom da maƙwabtansu waɗanda aka haƙe gonakinsu, suna cikin masu ɗaukar kwano, kuma ladansu ya gaza na maza. A shekarun farko ladan lebura yana tsakanin sisi da nai a yini. Akwai kuma wani rukuni da ba a biyan su lada sam: su haƙa da kansu a filin kamfani, su wanke, su kawo a auna, kamfani ya saya a farashin da shi ya yanke. Wannan tsari ya yi wa ƙananan kamfanoni daɗi, domin ranar da ba a samu kuza ba asarar ta mahaƙi ce shi kaɗai.

Me ke fitar da manomi daga Katsina ko Sakkwato ko Damagaram ya nufi sanyin Bukuru? Da farko dai haraji. Turawa sun ƙi karɓar wuri, suka ce sai kuɗinsu na ƙarfe, kuma a ƙauyen da ba a noman gyaɗa ko auduga na sayarwa, bariki ce wurin samun sule. Sai ya zama ana tafiya bayan girbi a matsayin cin rani, a yi makonni ko 'yan watanni, a haɗa kuɗin haraji da na tufa ko na aure, a koma kafin damina. Wannan shi ne sirrin arhar, kuma nan ne ya kamata a tsaya a duba da kyau. Kamfani yana biyan kuɗin ciyar da mutum ɗaya na kwanakin da yake aiki kawai. Renonsa tun yana yaro, ciyar da matarsa da 'ya'yansa, jinyarsa in ya koma da tari, da riƙonsa in ya tsufa, duk gandun gidansu ne ya ɗauka. Ƙauyukan ƙasar Hausa sun yi shekara hamsin suna tallafa wa masu hannun jari na Landan ba tare da an rubuta ko kwabo ɗaya na wannan tallafi a littafin kowa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ɗan abin da leburan ya samu ma ba duka yake fita da shi ba. A barikokin kuza akwai helima da ke tara mutane yana cin nasa a kansu, akwai masu tuwo da ke ba da abinci bashi har ranar biya, ga caca, ga giya. Wasu sun tafi cin rani ɗaya suka zauna har abada, su ne suka cika Bukuru da Barikin Ladi da Dorowa da Bisichi, jikokinsu suna can har gobe. A ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatan filin sun kusa 40,000. Da kasuwar duniya ta faɗi, aka ƙulla yarjejeniyar taƙaita fitar da kuza a 1931, adadin ya ragu zuwa ƙasa da rabi, lada kuma ya zube. Ba a biya kowa kuɗin sallama ba. An bar gona ta karɓi waɗanda aka kora, kamar yadda ta saba.

Sai yaƙin duniya na biyu. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya, wadda ita ce babbar mai samar wa Ingila kuza, ido ya dawo kan Filato. Ana buƙatar ƙarin hannaye da gaggawa. A kasuwar da take 'yantacciya, abin da zai biyo baya sananne ne: a ƙara lada har mutane su zo da ƙafarsu. Gwamnatin Gwamna Bourdillon da kamfanonin, wanda mafi girmansu shi ne ATMN da aka haɗa a 1939, sun zaɓi wata hanya. Aka kafa dokar aikin tilas, aka yanka wa lardunan Arewa adadin mutanen da kowanne zai kawo, En'e ta raba wa hakimai, hakimai suka raba wa dagatai. Talakawa suka sa wa abin suna ɗiban gwamna. Tsakanin 1942 da 1944 an kwashi mutum kusan 100,000, kowane rukuni na yin kimanin wata huɗu. Masu hali sun fanshi kansu, saura aka tura. An kawo mutanen ƙasar zafi cikin hunturun Filato ba bargo, ba isassun ɗakuna, ga ƙarancin hatsi, domin an ɗebe manoma daga gona a daidai lokacin da ake neman abincin ciyar da ninkin ma'aikata. Ciwon haƙarƙari da sanƙarau da zawo suka yi ɓarna, wurin aikin madatsar ruwa ta Tenti ya yi ƙaurin suna wajen mace-mace, dubbai kuma suka gudu.

Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1930, wadda Ingila ta amince da ita a 1931, ta hana tilasta wa mutum aiki don amfanin kamfani mai zaman kansa. An fake da yaƙi aka tsallake ta. A 1943 ma'aikatan filin sun haura 70,000, kuzar da aka fitar ta kai wajen tan 17,000, mafi yawa a tarihin Najeriya, amma ƙarin da aka samu a kan na kafin dokar bai taka kara ya karya ba idan aka dubi yawan mutanen da aka tara. Surutu ya yi yawa a majalisar Ingila, aka soke tsarin a 1944. Masanin tarihi Bill Freund ya bi diddigin wannan zamani a littafinsa na 1981 kan jari da ƙwadago a mahaƙan kuzar Najeriya, kuma har yau shi ne madogarar masu nazarin batun.

Akwai bayanai uku da aka saba kawowa don fassara arhar lebura a mahaƙan Afirka, kuma kowanne yana da ɗan gaskiya a ciki. Na farko ya ce ladan ya yi ƙasa ne don abin da mutum ɗaya ke fitarwa kaɗan ne: mai kwano a Bukuru ba zai haɗa kansa da mai tuƙa jirgin haƙa a Malaya ba, balle ma'aikacin Pilbara ta Ostireliya inda manyan motoci ke jigilar tama ba direba. Haka ne, amma an juya zancen. Kamfani ba ya sayen inji sai mutum ya fi inji tsada. Wutar lantarki ta iso filin kuza tun shekarun 1920 daga Kwall da Kurra, manyan kamfanoni sun kawo injinan haƙa, duk da haka kwano bai bar filin ba har ƙarshe, saboda kan mutum ya fi arha. Arhar ce ta haifi ƙarancin inji, ba ƙarancin inji ne ya haifi arhar ba. Bayani na biyu ya ce mutane ne suka yi yawa, aiki ya yi kaɗan. Shekarar 1942 ta rushe wannan: da hannaye sun yi yawa a kan wannan lada, da ba a buƙaci dogari ya shiga gida-gida ba. Na uku ya ce rayuwa ce mai sauƙi a ƙauye, don haka kaɗan ya isa. Wannan kuwa ba bayani ba ne, amincewa ce da cewa wani ne ke biyan ragowar.

Afirka ta Kudu ta ba da hujja mafi ƙarfi, domin can an ajiye alƙaluma. Ƙungiyar masu mahaƙan zinari, wadda aka kafa a 1889, ta haɗa kan kamfanoni don kada su yi gasar lada, ta kafa hukumomin ɗibar ma'aikata da ke kawo mutane daga Mozambik da Malawi da Lesotho. Da baƙaƙe suka ƙi zuwa a kan ladan da aka rage bayan yaƙin Buwa, sai aka shigo da 'yan Sin sama da 60,000 daga 1904. Dokar filaye ta 1913 ta matse manoma baƙaƙe a ɗan yanki don dole su fita neman aiki. Masanin tattalin arziki Francis Wilson ya nuna cewa, idan aka cire hauhawar farashi, ladan baƙin mahaƙi a 1969 bai fi na 1911 ba, kuma a 1969 Bature yana ɗaukar kimanin ninki 20 na abin da baƙi ke ɗauka. A tsawon waɗannan shekaru fasaha ta ci gaba, ramuka sun ƙara zurfi, riba ta ƙaru, lada bai motsa ba. Ya motsa ne a shekarun 1970, lokacin da farashin zinari ya tashi, Malawi ta janye mutanenta a 1974 bayan haɗarin jirgin sama da ya kashe ma'aikatanta a Francistown, Mozambik kuma ta sami 'yanci a 1975. Sai ƙungiyar mahaƙa ta ƙasa da aka kafa a 1982, Cyril Ramaphosa yana babban sakatarenta, ta ƙara matsa lamba. A yau kuɗin ma'aikata ya kai kusan rabin abin da mahaƙan ƙasar masu zurfi ke kashewa. Ko a hakan, ranar 16 ga Agusta 2012 'yan sanda sun harbe mahaƙa 34 a Marikana, suna yajin neman rand 12,500 a wata.

A Najeriya da Kamaru ma, duk ƙarin da aka taɓa samu ta wannan ƙofa ya shigo. An halatta ƙungiyoyin ƙwadago a yankunan Faransa a 1944, yajin aikin Duwala na Satumbar 1945 ya ƙare da zubar da jini, sannan dokar da ke ɗauke da sunan Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas ranar 11 ga Afrilu 1946. Ruben Um Nyobè ya fito ne daga wannan gwagwarmaya ta ma'aikata kafin ya zama jagoran siyasa a Kamaru. Dokar ƙwadago ta yankunan Faransa na ƙetare, ta 15 ga Disamba 1952, ita ta kawo mafi ƙarancin albashi da ƙayyade sa'o'in aiki. Ba abin mamaki ba ne cewa haƙar zinari da rutil ta Turawa a Kamaru ta yi sanyi a shekarun da suka biyo baya. Farashi da ƙarewar wurare masu sauƙi sun taka rawa, amma yawancin waɗannan ƙananan kamfanoni ba a gina su don biyan cikakken lada ba. A Najeriya, harbe mahaƙan kwal 21 a Iva Valley ta Inugu ranar 18 ga Nuwamba 1949 ya girgiza ƙasar baki ɗaya. A Filato ƙungiyoyin ma'aikatan kuza sun yi ƙarfi a shekarun 1950, lokacin da Amurka ke sayen kolumbait da tsada, suka yi yajin aikin da ya tilasta ƙarin lada, ko da yake rabuwar kai tsakanin ƙwararru 'yan Kudu da leburori 'yan Arewa ta rage musu kaifi.

Daga nan labarin kuza gajere ne. An buɗe masana'antar narkarwa ta Makeri a farkon shekarun 1960, man fetur ya janye hankalin gwamnati, kuzar da ke kusa da sama ta ƙare, kasuwar kuza ta duniya kuma ta rushe a watan Oktoban 1985. Kamfanoni suka watse suka bar kududdufai birjik a ƙasar Birom. Haƙar ba ta tsaya ba, ta koma hannun 'yan loto, masu nutsa rami siriri da igiya da bokiti, ba albashi ba diyya.

Nijar ta bi wata hanya ta daban da yuraniyom. An kafa SOMAÏR a 1968, ta fara fitarwa a Arlit a 1971, COMINAK kuma ta fara a Akokan a 1978. Waɗannan mahaƙai ne na zamani, masu albashin wata, gidajen ma'aikata da asibiti, kuma aikinsu ya zama abin nema ga samarin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Sai dai a nan ma an samo hanyar rage kuɗin ƙwadago, wato miƙa sashen aikin ga 'yan kwangila. Ranar 31 ga Maris 2021 da aka rufe COMINAK, ma'aikatanta kimanin 600 sun sami kuɗin sallama, amma ma'aikatan 'yan kwangila, waɗanda yawansu ya kai haka ko ya fi, kuma suka shaƙi ƙura ɗaya da su, abin da suka samu bai kama ƙafar na farkon ba. Gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa a watan Yunin 2025. Sauya mai rami bai isa shaida a kan makomar ɗan kwangila ba, sai an ga takardar biyansa.

A Kamaru, mafi ƙarancin albashi ya yi tafiyar hawainiya: sefa 23,514 bayan karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sai 28,216 a 2008 bayan tarzomar tsadar rayuwa ta watan Fabrairun shekarar, sai 36,270 a 2014, kafin ƙarin 2023. Manyan wuraren fasa dutse da ke ciyar da gine-ginen Yawunde, da injinansu da nakiyoyinsu, suna da ma'aikatan da wannan doka ta shafa. A gefensu kuwa akwai mata da samari masu fasa tsakuwa da guduma, ana biyan su a kan tsibi ko baro, da masu nutso a kogin Sanaga suna ɗebo yashin da tifofi ke kawowa birni. Babu mai lissafa sa'o'insu.

Zinari ya fi kowanne nuna yadda tsohon tsarin ya dawo da sabuwar riga. Daga 2007, da aka ba da izinin kwashe zinarin da ruwan madatsar Lom Pangar zai shanye, kamfanoni masu injin haƙa, na Koriya da farko sannan na Sin da yawa, suka cika Betare-Oya da kewaye. Suna barin ramuka a buɗe, talakawa su bi baya suna kalen abin da ya rage, ƙasa tana ruftawa da su; ƙungiyar FODER mai mazauni a Yawunde ta yi shekaru tana tattara sunayen waɗanda suka mutu haka. A Kambele kusa da Batouri, a Jado da Cibarkaten na arewacin Nijar tun 2014, a Anka da Bukkuyum na Zamfara, ƙa'idar kusan ɗaya ce. Mai kuɗi ya ɗauki nauyin abinci da kayan aiki, samari su shiga rami, in an samu ya cire abin da ya kashe sannan a raba, in ba a samu ba su tashi da bashi. Wannan shi ne tsarin auna kuza na Filato, sai dai yanzu ubangidan sau da yawa ɗan'uwa ne, mai yare ɗaya da salla ɗaya da mahaƙin, kuma cikin masu saye da masu ɗaukar nauyin ramuka a gabashin Kamaru akwai Hausawa da Fulani 'yan kasuwa. Ragowar kuɗin kuma har yanzu gida ke biya. A Zamfara a 2010 gubar dalma daga dutsen zinarin da ake niƙawa a tsakar gida ta kashe yara aƙalla 400. A Ɗan Isa ta jihar Maraɗi, ruftawar rami a Nuwambar 2021 ta kashe mutum 18 a ƙidayar farko.

Ba rashin daraja ne ke damun abin da ake haƙowa ba. Rahoton shirin bayyana kuɗaɗen ma'adinai na Kamaru ya nuna cewa a 2023 zinarin da aka rubuta ya fita ƙasar bisa ƙa'ida kilo 22 ne da 'yan kai, alhali ƙasashen da suka saya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a kan gaba, sun rubuta sun karɓi kimanin tan 15 daga Kamaru. Dokar ma'adinai ta Disambar 2023 ta ba kamfanin gwamnati SONAMINES, wanda aka kafa a 2020, ikon sayen zinari da lu'ulu'u shi kaɗai, da nufin toshe wannan ɓaraka. Hankalin hukuma yana kan harajin da ke zurarewa, kuma tana da gaskiya. Amma dokar da ta san nauyin zinari ba ta san sunan wanda ya haƙo shi ba, rabin aiki ta yi. Wajibi ne a ɗora wa duk mai riƙe da izinin rami, kamfani ne ko ɗan kasuwa, rajistar mutanen da ke shiga cikinsa, da kuɗin jinyarsu, da diyyar iyalansu, kuma a bar mahaƙan su kafa ƙungiyar da za ta yi ciniki da bakinsu.